Mahfuz Gana, Wanda Ya Miƙar da Jirginmu a Kwanakin Ambaliya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi, ashirin ga watan Yuli na shekarar 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Mahfuz Gana, mai gyaran wayar mota a Moduganari, bayan doguwar jinya. An yi masa salla bayan la'asar, muka kai shi makwancinsa ana yayyafi. Ya bar matarsa Mu'mina, da 'ya'ya, da mu abokansa da muka taso tare a Baga.

Ya Mahfuz, na gaji da zaman makoki. Mu da muka baro bakin tafki muka shigo Maiduguri, kowace shekara sahunmu raguwa yake yi. A da idan aka yi rasuwa, kai ne kake zuwa Bulumkutu ka ƙwanƙwasa mini ƙofa, ka ce, "Tahir, tashi mu je." Wannan karon ni kaɗai na tafi, na zauna a kan tabarma ina amsa gaisuwa, bakina yana cewa "na gode," zuciyata kuwa ko motsi ba ta yi.

A Baga na san ka. Kai kana gyaran injin jirgi a bakin ruwa, ni ina tuƙi, ina ɗaukar 'yan kasuwa da kwalayen banda. Ka girme ni, shi ya sa ban taɓa kiran sunanka gatsau ba, sai na sa "Ya" ta girmamawa a gaba. Da rikici ya kore mu, muka zo garin da babu tafki, kai ba ka zauna ba. Ka kafa rumfa, ka koma gyaran wayar motoci da keke napep, ka ce waya duk waya ce. Ni kuwa sai na kulle kaina a ɗaki, ban iya magana da kowa ba har wata da watanni. Kai ne kake zuwa ka janye ni zuwa rumfarka, ka miƙo mini bakin waya ka ce, "Riƙe mini nan, kada ka saki." Sai daga baya na gane ba ka bukatar mai riƙe maka komai. So kake in fito in ga mutane. A haka har na dawo hayyacina, na fara tuƙa keke.

Ba zan ce ba ka da aibu ba, don kai ma ba za ka so in yi maka ƙarya ba. Kana da taurin kai. Aikinka yana da nawa, masu motoci suna ƙorafi, kai ko a jikinka. Likita ya hana ka suga, amma in an kawo shayi sai ka faki idon Ya Mu'mina ka ƙara cokali.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kwanakin ambaliya, don mutane da yawa sun hau jirgin nan, amma ba su san wanda ya sa ya iya ɗaukarsu ba.

A watan Satumban bara, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shigo gari, wata ƙungiyar agaji ta samu jirgi mai inji da aka ɗauko daga kudu a bayan babbar mota. Ma'aikaciyarsu, Ketura, ita ce ta bi tashoshin keke tana cigiyar wanda ya iya tuƙin ruwa, aka nuna mata ni. Jirgin ba irin namu na Baga ba ne. A bayansa, ƙarƙashin ruwa, akwai faranti biyu na ƙarfe, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne da hannun da ke tura shi ƙasa ko ya ɗago shi. Aikinsu shi ne daidaita jirgi idan yana gudu, kada ya kwanta gefe ɗaya ko ya ɗaga hanci. A kusa da sitiyari kuma akwai wani ɗan akwati da ke auna karkatar jirgin, ya motsa farantan da kansa ba tare da direba ya taɓa komai ba.

A cikin lunguna, inda ake tafiya a hankali, lafiya lau. Amma kafin a kai ga mutanen da suka maƙale a kan rufin gidaje a wajen Gwange, sai an ƙetare inda kogi ya haɗe da titi, ruwa yana gudu da ƙarfi. Wurin nan dole a ba inji wuta. A dawowarmu ta farko, jirgi cike da mata da yara, ina ba shi wuta sai ya kwanta dama. Ruwa ya fara leƙowa ta baki. Wata tsohuwa ta zame ta faɗa kan mai goyo, aka ɗauki salati. Na rage wuta, ruwa ya ja mu har muka bugi katangar wani gida. Allah ne ya fitar da mu. Da muka sauke su na ce wa Ketura ba zan sake ɗaukar rai a cikinsa ba sai an duba shi. Ta dube ni, ta dubi hayin ruwa inda ake ɗaga mana mayafai, ta ce, "To wa zai duba? Wanda ya san shi yana kudu."

Na kira ka. Ka baro naka gidan da ruwa a tsakar gida, ka zo da jakar kayan aikinka a kafaɗa, wando a naɗe. Ka zagaya jirgin, ka leƙa ƙarƙashinsa, ka ce, "Wannan kam ban taɓa ganin irinsa ba. Amma batir ne da waya. Mu fara daga farko."

Ka auna batir, yana da wuta. Ka zare fis, bai ƙone ba. Ka bi wayoyin har baya, ka tarar da mahaɗarsu ta yi tsatsa kore, ka kankare ta ka mayar. Muka fita gwaji mu uku, babu fasinja. Ina ba shi wuta ya sake kwantawa. Sai ka ce wataƙila an juya wayar dama da ta hagu, ka musanya su. Wannan karon abin ya fi muni, jirgi ya rinƙa tangaɗi har sai da Ketura ta rungume kujera. Ba ka yi gardama ba. Ka ce, "Na yi kuskure. Koma da mu baki in mayar."

Rana ta take. Muna jin kiran mutane daga nesa, wasu matasa a bakin ruwa suna zaginmu, suna cewa mun ajiye jirgi muna wasa. Ni har na fara tunanin mu cire farantan gaba ɗaya, amma kusoshinsu a cikin ruwa suke, kuma cire su zai bar ramuka a jikin jirgi. Ketura ce ta hau kan katanga tana neman sabis, har ta samu bayanin na'urar a wayarta. Ta zauna kusa da kai tana karantawa da Turanci tana mayar maka da Hausa.

"Baba, sun ce a kashe otomatik tukuna, a danna kowane maɓalli da hannu, a ga ko farantin yana motsi."

"Madalla, 'yata. Ci gaba."

Na danna na dama, ya sauka ya hau. Na danna na hagu, sai gurnani kawai, farantin ya maƙale a ƙasa ya ƙi dawowa. Ta ci gaba da karatu, ta ce ɗan akwatin nan dole ya zauna daidai, fuskarsa tana kallon gaba. Ka cusa kai ƙarƙashin sitiyari, ka same shi yana reto a kan kusa ɗaya, a karkace. Jijjigar hanya ce ta kwance shi. Wato shi a ganinsa jirgin ne a karkace, shi ya sa yake ta danna farantin hagu ƙasa, har shara ta samu wurin shiga ta riƙe shi. Cuta biyu ce a jiki ɗaya. Ka ɗaure akwatin ka daidaita shi. Saura farantin.

Na fara tuɓe riga, ka ce, "Kai ka san abin da za ka taɓa a can? Zauna a kan maɓalli. In na buga jikin jirgi, ka danna."

Wanda bai ga ruwan nan ba, ba zai gane ba. Ruwa ne da ya bi ta masai da kwata da kasuwa, baƙi, mai wari, ba a ganin tafin hannu a cikinsa. Ka shiga har wuya, kana lalube. Ka fito da leda, ka fito da igiyar shanya, ka fito da guntun gidan sauro da ya nannaɗe hannun farantin. Ka buga, na danna, ya yi gurnani. Ka sake nutsawa. A bugu na gaba na ji ƙarar ta canza, farantin ya ɗago.

Da muka jawo ka sama sai muka ga jini yana bin ƙaurinka. Wani kwanon rufi ne da ruwa ya binne ya yanke ka. Ketura ta wanke wurin da ruwan leda, ta ce lallai a kai ka wurin masu magani. Ka ɗaure da tsumma ka ce, "Ɗan ƙwarzane ne. A gwada jirgi tukuna."

Muka kai shi inda ruwa yake kwance, ta karanta mana yadda ake saita akwatin ya san daidai, ka bi yadda ta faɗa. Na ba shi wuta ina addu'a. Ya miƙe sak, ya ƙetare wurin nan ko girgiza bai yi ba. Babu wanda ya yi murna a cikinmu, ba mu da ƙarfinta. Kai dai ka ce, "Alhamdu lillahi. Je ka ɗauko su."

Kwanakin da suka biyo baya ba ka sauka daga jirgin ba. Kana zaune kusa da ni, yatsanka a kan maɓallin kashe otomatik, don ka ce ba ka gama yarda da abin da ke yanke shawara shi kaɗai ba. Kai kake karɓar jarirai, kai kake tsara zama, masu nauyi a tsakiya. Mun ɗauko mai naƙuda, mun ɗauko makaho da sandarsa, mun ɗauko waɗanda muka makara a kansu. Ban ƙirga ba, kai ma ba ka ƙirga ba.

Ruwa ya janye, gari ya shiga kwashe laka, ƙafarka kuwa ta ƙi warkewa. Ciwon suga ya samu ƙofa. Daga wanki da ɗauri aka koma kwanciya, daga kwanciya likitoci suka ce sai an yanke. Aka yanke ƙasan gwiwa, muka ce an huta. Bayan azumi ciwon ya haura. Ya Mu'mina ta koma kamar ba ita ba, tsakanin gida da asibiti, da kwanon abinci a hannu wanda yawanci haka yake komawa. Ɗanka Mikail ya bar karatu ya riƙe rumfa. Ketura tana zuwa ranar Lahadi in ta taso daga coci, ta zauna a bakin gado, kana tsokanarta kana cewa ita ce injiniya, kai ɗan aike ne. 'Yan uwanka na Khaddamari suka yi ta zirga-zirga har suka gaji, mu ma muka gaji, kai ma ka gaji. Jinya mai tsawo tana cinye har hawayen da za a yi ranar mutuwa.

Wani ya taɓa cewa a gabanka, da ba ka shiga ruwan nan ba da yanzu kana kan ƙafafunka. Sai ka ce, "Da ban shiga ba, da wa zai shiga? Bar wannan magana." Ba ka sake yarda an tayar da ita ba.

Ganina da kai na ƙarshe, ranar Juma'a ce. Ka ce kana marmarin ɗanyen kifin tafki, irin wanda ake gasawa a bakin ruwa da gishiri kawai. Na zagaya kasuwa ban samu wanda ya yi kama da shi ba, na kawo maka banda, Ya Mu'mina ta yi romo. Ka kurɓa kaɗan ka ajiye cokali. Ka ce, "Tahir, ba shi ba ne. Amma ka kyauta." Sai ka juya fuska bango ka yi barci, na fito ban yi maka sallama ba don kada in tashe ka.

Ya Allah, ga bawanka Mahfuz ya zo gare ka a gajiye. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sanyaya masa makwanci. Rayukan da aka tsamo daga ruwa ta dalilinsa, ka sa su a mizaninsa. Ka sada shi da iyayensa da 'yan uwanmu da muka baro a Baga ba mu san ko inda kaburburansu suke ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ya Mu'mina, wadda ta yi haƙurin da ba kowa zai iya ba. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar riƙon gida. Ga 'ya'yansa, Mikail da Muhsinat da ƙannensu, Allah ya raya ku, ya tsaya muku. Ga dangi na Khaddamari, da makwabta na Moduganari, da Ketura da ta tsaya a ƙofar gida tana kuka ranar da aka fito da shi, Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ya Mahfuz, mun mayar da ƙasa, mun yi addu'a, kowa ya kama hanyar gida a cikin yayyafi. Ka riga mu hutawa. Allah ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Amin.

Ƙaninka,
Tahir Ba'ana, Bulumkutu