Watannin da Na Hana Sabo Barci

Daren wata Alhamis ne a tsakiyar damina, shekarar da na cika sha ɗaya, na farka da wani irin zafi a bayan kunnena kamar an soka mini allura. Ba wuta, ɗakin baƙi ƙirin, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba. Kafin in ankara sai cizo a wuya, a haɓa, har cikin gashin kaina. Na kurma ihu. Da Inna ta shigo da tocila ta yaye mayafina sai ta saki salati. Ƙwarƙwasa ce, tururuwan nan masu tafiya a jere, sun rufe ni tun daga yatsun ƙafa har ƙirji. Allah kaɗai ya san tun yaushe suke cina, domin daga kafaɗa zuwa ƙasa ba na jin komai, ba na iya ɗaga ko ɗan yatsa, tun ranar da na faɗo daga mangwaron bayan makarantarmu lakar wuyana ta taɓu.

A gidanmu na Jigwada kwanciyata aiki ce mai tsari. Maƙwabciyarmu Mama Nkechi, tsohuwar nas mai shagon magani, ita ta koya wa Inna. Zanin gado ya miƙe sumul, domin ɗan ninki kaɗan kan zama gyambo. Matashi ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya a baya, dugadugai kada su taɓa katifa. “Duk awa biyu a juya shi,” in ji ta, “ko kaza tana juya ƙwanta.” Ƙafafun gadona na ƙarfe kuwa, kowacce tana zaune cikin babban gwangwanin tumatir mai ruwa da ɗan kananzir, saboda kada ƙwaro ya hau. Juyin farkon dare na Inna ne, sauran na Sabo, ɗan ƙanin Baba da aka kawo daga Agwada don ya yi sakandare a Keffi. Gaskiya ya iya. Yakan zura hannu ƙarƙashin kafaɗata ya mirgina ni a hankali, wani lokaci ko farkawa ba na yi. A daren nan kuwa yana kan dogon bencinsa yana minshari, ko ɗaya ba ta taɓa shi ba.

Da gari ya waye aka tarar gwangwanayen huɗu sun yi ɓatan dabo. Baba ya yi ta faɗa, aka ɗora wa masu tsintar ƙarfe. Da la'asar aka fito da ni inuwar darbejiya, fuskata a kumbure, Inna na daka, ƙannena na ɓarar gyaɗa. Ta ƙofar zaure na hango yaran unguwa suna tseren motocin gwangwani, a gabansu wata sabuwa jawur, tayoyinta na tsohon silifas, igiyarta a hannun Sabo. Idonmu ya haɗu. Da magariba ya durƙusa kusa da kunnena ya ce, “Don Allah kar ka faɗa, na so in samo wasu kafin dare, mantuwa na yi.” Ban faɗa ba, amma ba don tausayi ba. Bulala goma Baba zai yi masa, gobe ya warke ya koma wasansa. Ni kuwa tun daga ranar da na rufe ido sai in ji abu na tafiya a wuyana. Na ƙudurta a raina, tun da ya raba ni da barci, shi da barci sun yi hannun riga.

Ba ni da hannu, ba ni da ƙafa, amma ina da baki, kuma rana duk tawa ce. Yana tafiya makaranta nake sharar barcina. Da dare in kasa kunne, da numfashinsa ya yi nauyi sai in ce, “Sabo, matashi ya zame.” Ya tashi ya gyara. Ya koma, in ƙirga ɗari biyu. “Sabo, ƙishirwa.” “Sabo, duba ƙafata, ina jin kamar tururuwa.” Ya san sarai ba na jin ƙafata, amma ina bakin musu? Sau takwas, sau goma a dare ɗaya. Da asuba ga jan ruwa a rijiya, ga shara, ga yankan ciyawar awaki. Ya fara gyangyaɗi a aji, yana dawowa da shatin bulala a sharaɓa, ni kuwa daɗi har cikin raina. Hausawa suka ce “ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi,” kuma na shayar da shi ita cokali-cokali har wata uku.

Da sakamakon jarrabawa ya fito, Sabo ne na biyun ƙarshe. Baba ya juya takardar, ya ce wannan ba ɗan boko ba ne, gara ya koma ya riƙe fartanya. Amma kafin ya yanke sai ya leƙo ɗakina ya tambaye ni, “Ko hidimarka ce take hana shi karatu?” Sabo na tsaye a bakin ƙofa, idanunsa jawur, yana kallona. Na ce, “A'a Baba, barcinsa yake yi, sai na yi ta kira yake tashi.”

Ranar da zai hau motar Agwada, ya ajiye jakarsa ya kira Inna, ya nuna mata yadda yake naɗe tsohon zani ya sa ƙarƙashin idon sawuna. Da ya gama ya ɗauki jakarsa, ni kuwa na kawar da kai. Juyin dare duka ya dawo kan Inna, ga tallar ƙosai da safe. Gajiya ta riƙa kwashe ta, kafin wata biyu gyambo ya buɗe a ƙuguna, na yi watanni ina kwana a gefe guda ana wankewa. Duk da haka ina gaya wa kaina ni na ci.

Yanzu ina da katifa mai iska, ina da waya mai tada mai jinyata daidai lokaci, ɗakina siminti ne har bango. Sabo bai sake komawa aji ba. Yana Agwada yana noman doya, furfura ta fara masa. Duk kaka yakan zo da ƙwaryar doyarsa, wato guda ɗari, mu gaisa, yana magana yana zura hannu ƙarƙashin bayana yana miƙe zanin gado, ba tare da kowa ya sa shi ba. Har yau in na tuna cizon nan raina yakan ɓaci, kuma har yau ban buɗe baki na gaya masa da gangan na yi ba, ko da yake ina zaton ya sani tun daren farko. Na rama, babu shakka. Sai dai tun da ya tafi ban sake barci mai daɗin na lokacinsa ba.