Safar Taya da Na Sa Tun Kafin Mu Kai Ƙanƙara

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara tara a Guangzhou, ina sana'ar tura kayan mota zuwa Kano, daga fitilu har rigunan kujera. Ɗan ofishina yana unguwar Xiaobei, gida kuma a unguwar Panyu, inda nake zaune da matata da 'yarmu tilo mai shekara bakwai. Na samu lasisin tuƙi na ƙasar, na sayi mota, sai kai ya kumbura. A ganina mutumin da ya yi tuƙi a Kano tun yana saurayi, kuma kayan mota ne abincinsa, babu abin da wani zai koya masa a kan taya. Wannan girman kai shi ya kusa raba ni da iyalina.

A hutun sabuwar shekarar mutanen Sin, kasuwanni duk a rufe, 'yata ta ga hotunan 'yan ajinsu suna wasa cikin dusar ƙanƙara. Ta dame ni, kullum Abba yaushe za mu je. A Guangzhou dusar ƙanƙara ba ta sauka, sai an hau duwatsun arewacin lardin, tafiyar kamar awa biyar. Na yi mata alkawari. Da na faɗa wa wani dattijo ɗan Maraɗi da muke maƙwabtaka a ofis, sai ya dafa kafaɗata ya ce ƙanena, kada ka kuskura ka hau dutsen nan ba sarƙar taya, domin shi ya taɓa zuwa, kuma abin da ke kan titin ba gari ba ne mai laushi kamar a hoto, ƙanƙara ce sulɓi kamar gilashi. Har ya ce zai ara mini tasa. Na yi dariya na ce Alhaji zamani ya wuce ɗaure mota da sarƙa kamar akuya.

Dalilin dariyata, na riga na ga wani abu a shagon wata mata da nake sarin kaya wurinta: safar taya, wato rigar yadi mai kauri da ake sa wa taya don ta kama ƙanƙara. Ba nauyi, ba ƙara, ba ta karce ƙarfen taya, minti biyu an gama sawa. Matar ta kira ni lawban, wato maigida, kamar yadda suka saba, ta rubuta bayani a waya ta juya mini shi zuwa Turanci. Na ga ya yi tsawo, na gyaɗa kai kawai na ce na gane, na biya na karɓi safar. Takardar bayani da ke cikin jakar safar ma ban buɗe ba. Ni da nake sayar da kayan mota, a ce sai an karanta mini yadda ake sa safa?

Mun tashi bayan sallar asuba. Wajen hantsi muka tsaya a gidan mai na ƙarshe a gindin dutsen. Sanyi ake yi mai shiga ƙashi, amma kwalta a bushe take ƙamas. Sai na yi irin tunaninmu na gida, cewa mai hankali yana shiri tun kafin ruwa ya sauko, gara in sa yanzu da in tsaya tsuguno cikin ƙanƙara. Na sa wa tayoyin gaba safar. Matata ta tambaye ni ko ba za su lalace a kan busasshen titi ba, na ce ta bar maganar mota ga masu mota. Na taka da gudu kusan awa guda a kan kwalta, ina jin daɗin dabarata.

Da muka yi sama sai hazo ya rufe mu, bishiyoyi duk sun daskare, titi ya koma baƙi yana sheƙi. 'Yata tana ta ihun murna, ta cire bel don ta leƙa ta taga, ni kuma ban hana ta ba. Muna shan wata kwana a gangare na taɓa birki. Motar ba ta saurare ni ba. Na murɗa sitiyari hagu, ta ci gaba da tafiya dama, a hankali, ba ƙara ba komai, wannan shirun ma shi ya fi ba ni tsoro. A gefen daman nan kuwa rami ne wanda hazo ya hana ni ganin ƙarshensa. Matata ta fara salati da ƙarfi, ni kuwa ko innalillahi na kasa haɗawa. Wallahi a ranar na san yadda tsoro yake, zuciyata tana gaya mini na kashe su da hannuna. Motar ta juya sau ɗaya, bayanta ya daki ƙarfen gefen titi, ƙarfen ya lanƙwashe amma ya riƙe mu.

Na waiwaya na ga 'yata a ƙasan kujera, idanunta a buɗe, ba ta motsi ba ta kuka. Ban san tsawon lokacin ba, amma har gobe ban taɓa jin daɗin wani sauti kamar kukan da ta fasa daga baya ba. Hannunta na hagu ya karye. Na hana kowa motsawa, don duk iskar da ta kaɗa sai na ji kamar ƙarfen zai saki. Wani direban babbar mota, mai sarƙa a tayoyinsa, shi ya tsaya ya fitar da su ta ƙofar hagu. Da ya sunkuya ya duba tayata, sai ya zaro wani tsumma ya ɗaga mini. Abin da ya rage na safar ke nan, kwalta ta cinye ta tun a ƙasa. Bai zage ni ba, kai kawai ya girgiza, ya kai mu asibitin garin da ke kusa.

A can, ina zaune ana ɗaure mata hannu, na buɗe takardar nan. Layin farko ya ce kada a sa sai an hau dusar ƙanƙara, a tafi a hankali, a cire da an dawo busasshen titi. A ƙasa kuma aka ce a gangare mai daskararriyar ƙanƙara sarƙa ta fi. Duk abin da ya kamata in sani yana cikin motata tun daga gida.

Ban ce safar taya ba ta da amfani ba, ni ne na yi mata amfanin jahilci. 'Yan'uwana da ke zaune a ƙasashen sanyi, mu ba 'yan ƙanƙara ba ne, babu abin kunya a ce ban sani ba. Ku karanta abin da kuka saya, ku saurari wanda ya riga ku bin hanya, in dutse za ku hau ku ɗauki sarƙa, in kuma titi yana sheƙi ku juya, yaro zai yi kuka ya manta. Hannun 'yata ya warke, alhamdulillahi, matata ma ta yafe mini. Amma yau shekara biyu, duk sanda na tada mota, ko masallaci za mu je, sai in ga yarinyar ta madubi ta riƙe ƙofa da hannu biyu, ba ta saki sai na kashe injin.