Awa Shida da Minti Goma a Kujerar Aski

Shekara arba'in da ɗaya mai askin layinmu ya yi a tsaye. Kujera ɗaya ce a shagonsa, mai jar fata wadda ta tsage a hannun dama, kuma bai taɓa zama a kanta ba. Tun da matarsa ta rasu, madubi kaɗai ke ganin shigarsa da fitarsa.

'Yarsa guda ce, tana aikin jinya a wata ƙasa. Da ta haihu sai ta kira shi.

"Baba, ka zo ka ga jikarka. Awa shida da minti goma ne kacal a jirgi. Ka ba ni amsa kafin ƙarshen wata in nemi hutu."

Ta ce tafiyar ta kusa kilomita dubu biyar. Wannan bai dame shi ba, nisa aikin jirgi ne. Zaman ne nasa. Bayansa ya saba da tsayuwa har ya manta zama. In ya yi awa guda a kujera, wani zafi kan taso daga ƙugu ya gangara ƙafa kamar an zuba garwashi. Ga shi ya ji an ce ɗaure mutum ake yi da bel tun daga tashi har sauka.

Sai ya shiga gwaji. Da hantsi yakan karo ƙofa, ya hau kujerar nan, ya ɗaure cikinsa da tsohon bel, ya kafa wa agogon bango ido.

Tela maƙwabcinsa ya leƙo wata rana. "Matuƙi, an kai ina?"

"Muna kan teku. Ja min ƙofa kada iska ta kwashe ka, ga ka kamar zare."

Ranar farko awa ɗaya da rabi ya yi. Rana takan shigo ta taga, ta rarrafa bisa almakasai, ta fita ta bar shi a ɗaure. A mako na uku ya kai awa huɗu da kwata, sai da tela ya cicciɓe shi. Daga nan abin ya ƙi gaba.

Wata ya ƙare, 'yarsa ta kira.

"Mamana, shago ba ya barina," in ji shi. "Jama'a sun yi yawa."

Kai biyu ya aske ran nan.

"To, Baba. Allah ya kai mu baɗi." A bayan muryarta jaririya na kuka, ya manna wayar a kunne har aka kashe.

Bayan wata biyu wani ɗan kasuwa mai yawan tafiya ya zo aski, yana ta mita. "Jiya na kusa da ni ya hana ni barci. Sau biyar yana tashi yana zagaya jirgi."

Almakashi ya tsaya.

"Tashi? A sama? Ana bari?"

"Haba dattijo! Har hira ake yi a tsaye can baya."

Ya ƙarasa askin, ya kakkaɓe wa mutumin wuya, ya share gashi. Sannan ya kira 'yarsa. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Lokacin aikinta ne. Ya danna wurin ajiye saƙo, ya gyara murya.

"Mamana, ni ne. Wai ashe ana tashi. Ko hutun nan yana samuwa har yanzu?"

Ya fito bakin ƙofa da wayar a tafin hannu, yana jira.