Ranar da Aka Ɗauki Motar Jatau a Zurmi

A tashar Ƙaura Namoda, in ka ce Jatau direba sai a tambaye ka wanne. In ka ce wanda aka ɗauki motarsa da salati, har mai shayi zai nuna maka shi.

Jatau ya daɗe yana jigila tsakanin Ƙaura, Zurmi da Shinkafi da 'yar tsohuwar Golf ɗinsa. Mutum ne mai tsare girmansa, kuma a da shi ke yi wa sababbin direbobi karatu: ba a ajiye mota a kwana, ba a ajiyewa a kan gada, ko mararraba, ko ƙofar asibiti, ko bakin lungu. Yana faɗa yana kaɗa makulli kamar mai wa'azi.

Wata rana da hantsi ya shiga Zurmi, ya ji Alhaji Maccido mai albasa, tsohon fasinjansa, ya rasu, har an fito da shi. Don kada salla ta wuce shi, ya cusa motar a bakin wani lungu ya ruga. Ya ga bakin lungu ne sarai. Ya dai ce a ransa yanzu zai dawo.

Aka sallaci gawa, aka ɗauki makara ana karɓa-karɓa. Jatau ya samu gaba ya sa kafaɗa. Sai ya ga jama'a sun karya kwana. Ashe lungun nan shi ne hanyar maƙabarta, ga kuma motarsa ta toshe shi, ko akuya sai ta rage ciki za ta wuce.

Aka tsaya cik. Halilu, ƙanen mamacin, ya ce, "Jama'a, wa ad da motar ga?"

Makulli na cikin aljihun Jatau, yana jin sanyinsa a cinya. Ya buɗe baki, kunya ta rufe shi. Ya ce bari a sake tambaya, sai ya amsa. Ba a sake ba. Halilu ya ce kawai, "Allah shi shirya mai ita." Jama'a suka ce amin. Jatau ma ya ji bakinsa ya ce amin.

Majiya ƙarfi suka naɗe hannun riga suka kewaye motar, masu gaba da masu baya, ana salati ana ciccibawa, har aka fitar da ita bakin titi. Duk wannan Jatau na tsaye da makara a kafaɗa, ya ƙura wa bango ido, gumi na bin wuyan rigarsa.

Bayan an rufe Alhaji, ya yi ta jan addu'a don kowa ya watse ya je ya saci motarsa. Yana miƙewa ya ga Halilu na jiransa. Halilu ya kama hannunsa ya yi godiya, sannan ya rage murya.

"Malam Jatau, mun juya maka ita tana kallon hanyar Ƙaura, kada ka sha wahalar ribas."

Ashe babu wanda bai san motar ba. Rabin masu ciccibar ma a cikinta suke zuwa kasuwar Shinkafi. Kawaici kawai aka yi masa.

Matarsa Zuhura ta ce ranar ko tuwo bai taɓa ba. Tun daga nan ya daina wa'azin tasha. Ya koma yi wa kansa. Fasinja ya ce a sauke shi nan, sai Jatau ya duba: nan kwana ce, can kwalbati, gaba kaɗan bakin lungu. "Sai can gaba," in ji shi. Wata tsohuwa ta rantse a garin Badarawa ta ce masa ya sauke ta, amma da ya sauke ta sai da ta tambayi sunan garin da take. Ƙari ne, amma ba ƙari mai yawa ba.

Kwanan baya Kamalu, abokin aikinsa, ya gan shi ya ajiye mota nesa da masallaci yana takowa a rana.

"Yaya Jatau, matso da ita mana. In ta tare hanya ga mu nan, mu ma mun iya salati."

Jatau ya gyara hula bai ɗago ba.

"Bar ta can, Kamalu. An ɗauke ta sau ɗaya, ya isa. Ɗaukar da ta rage tawa ce, kuma ina son ranar a tarar da hanya buɗe."