Ranar da Aka Jera Kek a Kan Fiyanon Magnhild

Kwamitin cocinmu ya cire Magnhild Espevik daga kaɗa fiyano a bikin zagayen bishiyar Kirsimeti, kuma babu wanda ya gaya mata. Tun da bazara suka yanke shawarar. Ita kuwa sai ranar bikin ta sani, tana tsaye a bakin ƙofa da takardun waƙa a hammata, idon rabin mutanen tsibirin nan a kanta.

Kowa ya san Magnhild, ko kuwa in ce kowa ya san ƙeyarta, don ita muka tashi muna gani. 'Yar Olai mai gyaran kwale-kwale ce, gidansu na saman tudu bayan maƙabarta, kuma har yau a nan take. Uwarta ce ta koya mata kiɗa a kan wani tsohon akwatin kiɗa da ake taka wa iska da ƙafa. Ta yi aikin feɗe kifi a masana'antar bakin ruwa har aka rufe ta, sannan ta koma sayar da gahawa da fanke a cikin jirgin fito. A nan ta haɗu da Halvard, mai kula da injin jirgin, suka yi aure duk sun manyanta. Allah bai ba su haihuwa ba. Da Halvard ya rasu, gidan ya koma daga ita sai agogon bango.

Cocinmu ƙarami ne. Fasto yakan ƙetaro daga babban gari lokaci-lokaci, ya zo da mai kaɗa masa, su koma a jirgin yamma. Amma bikin zagayen bishiya, wanda ake yi 'yan kwanaki bayan Kirsimeti, wannan namu ne, ba fasto ba baƙo. A kafa bishiya a tsakiyar zaure, a janye bencuna, a yi da'ira uku hannu cikin hannu, yara a ciki, matasa a tsakiya, tsofaffi a waje, wannan ta yi dama waccan ta yi hagu, ana tafe ana waƙa. Fiye da shekara arba'in Magnhild ce ke kaɗa wa wannan zagaye. Rana ɗaya ce a shekara, amma ita shekararta kaf a kan ranar take rataye.

Da an haƙe dankali, dare ya fara cin rana, take soma shiri. Ta ɗauki makullin coci ta sauko tudu, ta kunna fitila ɗaya tak ta kusa da fiyano, don ba ta son a ce ta cinye wa coci wuta. Safar hannu da ta yanke wa kawunan yatsu take sawa saboda sanyi. Tana da tsarinta. Waƙoƙi masu tafiyar hawainiya su ke fara zuwa, tun tsofaffi na da ƙarfin ƙafa, na tafi da tsalle kuma a ƙarshe, bayan an sha gahawa. Kowace shekara sai ta sake sassauto da muryar wata waƙa ƙasa, don masu iya kai murya sama a cikinmu sun tafi maƙabarta ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya sa ta. Takan kaɗa ita kaɗai, ta tsaya, ta saurari zauren da babu kowa kamar za a amsa mata, ta ci gaba.

Fiyanon bango yake fuskanta, shi ya sa ba ta taɓa ganin bikin ido da ido ba. Abin da take gani shi ne inuwar kyandirori da giftawar mutane a gilashin taga, sai ƙarar takalma a kan katako, wadda da ita take auna saurin kiɗa.

Ba zan ɓoye ba, a bikin da ya wuce kafin wannan yatsunta sun ci amanarta. Tsakiyar waƙar yara hannun hagu ya sanƙare, kiɗa ya tsaya cak, da'ira ta yi karo da da'ira, yara suka fashe da dariya. Ta murza hannun, ta koma farko, aka ƙarasa. To, a kan wannan ne mutum uku suka zauna. Torleiv Haugsnes, shugaban kwamiti, mai kantin bakin ruwa. Oddny, mai kula da kicin ɗin coci. Sai Sunniva, malamar makaranta, wadda ta girma tana kiranta Goggo Magnhild kamar duk yaran nan. Sunniva ta ce akwai kiɗan a waya, a sa shi a lasifika, a hutar da tsohuwa. Suka amince. Torleiv ya ce shi zai gaya mata.

Ba ni da ja a kan shawarar. Kowa na tsufa, kuma ba a haifi wani da fiyano a hannu ba. Abin da ya biyo baya ne ke ci mini rai. Mu a tsibirin nan muna iya tura wa maƙwabci mota daga cikin ƙanƙara, mu kai masa itace ba tare da ya roƙa ba, amma mu dubi idonsa mu faɗa masa magana marar daɗi, sai dai a mutu. Mukan yi shiru ne mu ce ai zai gane da kansa.

Duk tsawon kaka fitilar nan na kunne. Hanyar kanti ta gaban coci ta bi, ba wanda bai ji kiɗan ba. Oddny ta bi ta nan da kayan cefane, ta ji, ta ƙara sauri. Sunniva ta bi da keke. Ba wanda ya karɓi makullin, ba wanda ya tura ƙofa.

Ana saura 'yan kwanaki, Torleiv ya jawo bishiyar daga dajin bayan gidansa, ya shigo da ita yana haki, ya tarar da Magnhild a kan kujerarta.

Ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Kai ne ko doki aka shigo da shi? Karkaɗe takalmanka, ni ba baiwar gidanku ba ce."

Ya ce, "'Yar Olai, bakin nan naki dai har kabari."

"Kai za ka riga ni, da wannan tumbin. Ka duba ko bishiyar ta miƙe, ta bara kamar ta sha giya."

Ya kafa bishiya, ya daɗe yana gyara abin da ya riga ya gyaru. Ya cire hula, ya mayar. Ya matso har bayan kujerarta.

Ya ce, "Magnhild."

"Mene ne?"

Ya dubi hannuwanta a cikin safar nan mai yankakkun kawuna. Sai ya ce, "Wai sun ce ƙarshen mako za a yi iska."

"Shi ne ka cire wa hula? Tsaya ka ji wannan." Ta kaɗa masa waƙar yaran da ta kakare mata bara, tun daga farko har ƙarshe, ba tuntuɓe ko ɗaya. Ta canza yadda hannun hagu ke tafiya, ta rage masa nisa, wata biyu tana fama da ita. "Yaya ka ji?"

Ya ce, "Hannun nan bai tsufa ba." Ya fita, ya ja ƙofa a hankali.

Ranar biki ta sa baƙar rigarta ta ulu da abin wuyan uwarta na azurfa. Ta jiƙa hannuwanta a ruwan ɗumi kafin ta fito, ta cusa su cikin safa biyu. Da la'asar ce amma duhu ya riga ya rufa, kamar yadda yake yi a nan da hunturu. Ta sauko tudu a hankali saboda santsi, tana maimaita jerin waƙoƙin a zuci.

Da ta tura ƙofa, idonta ya tafi inda ya saba tafiya. Babu fiyano a wurin, sai wata baƙar lasifika a kan dogon ƙarfe. An tura fiyanon can kusa da ƙofar kicin, an rufe shi da jan ƙyalle, an jera masa kek da biskit da tulunan gahawa. Kujerarta kuma an tara mata rigunan sanyin yara.

Sunniva ce ta fara ganinta. Fuskarta ta yi jawur.

"Goggo Magnhild! Kin zo da... Wai Torleiv bai yi miki magana ba?"

Torleiv yana rarraba wa yara takardun waƙa. Ya ce, "Na ɗauka Oddny ta faɗa miki, ai ku mata kun fi kusa."

Oddny ta leƙo daga kicin da faranti a hannu. "Ni? Kada ka shafa mini kashin kaji, Torleiv. Kai ka buɗe baki ka ce za ka faɗa."

Magnhild ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta zaro takardun daga hammata, ta rasa inda za ta ajiye su, don ko'ina akwai faranti. A ƙarshe ta cusa su cikin aljihun rigar sanyinta, ta rataye.

Ta ce, "To. Kek ɗin wa ya yi kyau bana?"

Ai kuwa sai kowa ya sauke numfashi, aka yi ta dariyar da ta wuce kima. Oddny ta aje faranti ta kamo hannunta. "Zo, bana ke ma ki zagaya kamar kowa. Ki huta, ki ji daɗi."

Aka sa ta a da'irar waje, Oddny a dama, wani baƙo surukin gidan Torleiv a hagu. Sunniva ta latsa waya. Kiɗa ya fito tas, ba gargada, da goge da ƙararrawa a ciki. Ba abin da ya lalace. Yara suka yi waƙa, tsofaffi suka bi, wasu har cewa suka yi ya fi ji.

A nan Magnhild ta gano abin da ba ta taɓa lura da shi ba. Ba ta san baitocin ba. Layin farko kawai ta sani na kowace waƙa, sauran a yatsu suke, ba a baki ba. Da aka zo waƙar da ake tafi, a rusuna, a juya, wadda bana aka sa tun kafin gahawa, ba ta san ta ina ake juyawa ba, don shekara arba'in tana jin wannan juyi a bayanta ba ta taɓa ganinsa ba. Kowa ya yi dama, ta yi hagu, ta yi karo da ƙirjin baƙon. Ya ce, "Yi haƙuri, Baba, ke ma baƙuwa ce a nan?" Ta juya ta bi inda kowa ya yi.

Oddny ta faɗa daga baya cewa duk tsawon zagayen yatsun Magnhild na motsi a cikin tafin hannunta, suna danna ta ɗaya bayan ɗaya daidai da kiɗan. Ta ce ta so ta saki hannun, ta kasa, ta so ta matse shi, ta kasa.

Da aka tsaya shan gahawa, mutane suka yi layi a gaban fiyano suna ɗibar kek. Magnhild ta wuce su ta shiga kicin, ta naɗe hannun riga, ta kama wanke kofuna. Ba a koma zagaye da ita ba, ba kuma wanda ya shiga kiranta. Da aka tashi, aka raba wa yara 'yan jakunkunan lemu da alewa, ɗaya ta ragu, Torleiv ya miƙa mata. Ta karɓa ta yi godiya. Ta hau tudu ita kaɗai, lemu a aljihu ɗaya, takardu a ɗayan.

Ba a yi jawabin ban kwana ba, ba a ce an gode da shekarun da ta yi ba. Yin hakan zai zama an furta cewa an cire ta, mu kuwa ba ma furtawa.

Tun ranar ba ta ce wa kowa uffan a kai ba. In fasto ya zo takan zauna a bencin baya, ta fita kafin a zauna shan gahawa. In an tambaye ta sai ta ce gwiwa. Makullin coci har yanzu yana rataye a kicin ɗinta, ba a karɓa ba, ita ma ba ta mayar ba.

Yanzu ƙanƙara ta narke, an fara shuka. Makon jiya a cikin jirgin fito ta zauna kusa da ni, muka yi zancen tsadar man girki da ciwon gwiwa. Har mun kusa gaɓa, sannan ta ce, idonta a kan ruwa, "Ke da kike jin maganar mutane, wai a bikin da ya wuce kaɗai suka gwada lasifikar, ko shi ke nan? Ba don komai ba, in zan yi shiri ne, akwai waƙa biyu da nake son in sassauto."

Ba ni ce na yanke shawarar ba. Mace mai shekara saba'in da ɗoriya tana zaune a saman tudu tana lissafin ko ta fara ɗumama hannu ko ta bari, kuma mutum ukun da suka san amsar kullum suna gaishe ta a hanya suna yi mata zancen iska.

Torleiv, Oddny, Sunniva, da ku nake. Ku hau tudun nan ku uku, ba aike ba, ba waya ba. Ku zauna a kicin ɗinta ku sha gahawarta, ku ce mata kun yanke shawara kun ji tsoron faɗa, kun bar ta tana wahala a banza. Sannan ku ba ta amsar abin da ta tambaye ni. In za ta kaɗa, ko waƙa ɗaya ce, ku ce za ta kaɗa. In kun gama da ita, ku dubi idonta ku faɗa da bakinku, kuma ku yi shi a makon nan.