Mai Raɗa a Filin Kokowa

Na daɗe ina ganin cewa duk wanda ya ci abinci da wasa zai iya ba da labarin kowane irin wasa. Da wannan hujja na shawo kan daraktan gidan rediyonmu a Tawa ya ɗauki kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya riƙa kawo wa masu saurare kokowa kai tsaye. Darakta ya yarda bisa sharaɗi: in kawu ya kasa, sashen wasanni da nake shugabanta ya fita daga hannuna.

Kawu ya yi ƙuruciyarsa a Yamai yana ɗaukar wa Turawa sandunan golf, wasan nan da ake bugun 'yar ƙwallo har ta faɗa rami. Daga baya ya ƙware, ya yi gasa har ƙasashen bakin teku, sai da ciwon kafaɗa ya maido shi gida. Abin da ban yi la'akari da shi ba shi ne ladabin wasan nasu: idan ɗan wasa zai buga, kowa shiru yake yi.

Haka kuwa ya yi mana. Ana kiɗa, ana kirari, yana zuba magana tiryan-tiryan. Da zarar an kama juna sai muryarsa ta koma raɗa, lokacin kaye kuma ya yi tsit. Mutanen Bambeye da Kalfu suka yi ta bubbuga rediyo, suna zaton batir ne ya mutu. Wani dattijo ya bugo waya ya ce, "Malam, wa anka kayar? Ko mai maganar ne?"

Na tare kawu a bayan fili.

"Kawu, don Allah, lokacin nan ne ake so ka ɗaga murya."

"Ɗana, mutum na neman sa'arshi, in yi mishi ihu a ka?"

"Ba ya jin ka! Ganguna ma ba su dame shi ba!"

"Ni ai ina jin kaina."

Na yi bayani har na gaji, yana gyaɗa kai cikin natsuwar da ta fi gardama ban haushi. Mahaifiyata kuma ta aiko cewa kada in kunyata ɗan'uwanta. Har yau ban tantance ba ko taurin kansa ne ya fi ci mini rai, ko yadda ya ƙi jin kunya a madadina. Ranar karawar ƙarshe ya yi mini alkawari da bakinsa cewa zai ɗaga murya. Da aka kama juna, ya sake yin tsit.

Darakta ya miƙa sashen wasanni ga wani. Kawu yana nan gidan rediyon, shi ke karanta sanarwar rasuwa, ni kuma nake tsara masa ita.