Simintin da Aka Shafa wa Gidanmu

A gidanmu Likita muke kiran yayata, alhali ko allura ba ta iya riƙewa ba. Mai zanen gine-gine ce. Duk ginin da ta shiga sai ta ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, ta kara kunne, shi ya jawo mata sunan. Har a gidan surukaina ta yi haka, kunya kamar in nutse.

Abokan karatunta suna can suna zana benaye masu gilashi, ita kuwa ta ƙare a kango. Tsohon gidan waya ta mayar da shi ɗakin karatu, wani sito da jemagu suka gaje ta mayar da shi makarantar ɗinki. Ta kuma sha kaye ba adadi: ta yi ta zarya ofis-ofis, a wayi gari katafila ta share wurin.

Huɗubarta ɗaya ce, duk mun haddace. Wai tsohon bangon jan bulo da farar ƙasa numfashi yake yi, danshi ya shiga ya fita. In ka shafe shi da siminti ka toshe masa hanci, ruwa ya kwanta ciki ya yi ta cin bulon. Kuma simintin ba ya ɓamɓaruwa, don da fuskar bulon yake tahowa.

Gidanmu irin wannan ginin ne, kakanmu ya gina shi. Baba ya tsufa, ido ya yi rauni, garin bango yana zubo masa a gado. Kullum sai Likita ta ce, "Baba, a ƙara haƙuri, ina gama wannan aikin zan kawo maginan da suka san farar ƙasa." Aikin kuwa ba ya ƙarewa. Ni dai na gaya mata ido da ido, ta gyara gidan jemagu ta bar na ubanta.

Damina guda ta yi a wani gari wajen aiki. Babban yayanmu ya gaji da jira, ya kawo magini aka shafe gidan da siminti ciki da waje. Don kada Baba ya ƙi, sai ya ce masa Likita ce ta turo.

Ranar da ta dawo, a ƙofa ta ƙame da jaka a hannu. Yaya ya tare ta.

"Ni na yi, kuma na ce ke ce. Kada ki ɓata wa tsoho rai."

"Yaya, ka san abin da ka yi kuwa?"

"Na dai san abin da ke ba ki yi ba."

Ta ajiye jakar a ƙasa.

Baba ya ji muryarta ya kira ta. Ya laluba ya kamo hannunta, ya ɗora a bango.

"Shafa ki ji, sumul. Na daina kwana cikin ƙura. Dama na ce 'yata ba za ta manta da ni ba. Allah ya yi miki albarka."

Ta durƙusa ta ƙwanƙwasa can ƙasa, ta wajen kan gadon Baba. Ko ni da ban yi karatun ba na ji ƙarar fanko, kamar gwangwanin da ba komai ciki. Tausayinta ya kama ni.

Baba ya yi dariya ya ce, "To Likita, yaya jikin bangon?"

"Da sauƙi, Baba."

Ta miƙe ta roƙe ni in taya ta mu janyo gadon tsakiyar ɗaki, wai don ya fi samun iska.